Wa'azi kamar yadda tafinta yake jin sa

A cocinmu da ke Tudun Wada a Jos, duk Lahadin da aka haɗa sujadar Turanci da ta Hausa wuri ɗaya, ni nake tsayawa gefen mai wa'azi ina juya maganarsa. Na daɗe a wannan aiki. Na tsaya da fastocinmu, na tsaya da baƙi daga Abuja da Legas, da ɗaliban tauhidi da ake turo mana lokacin hutu. Tafinta ba shi da damar gyangyaɗi, ba shi da damar barin hankalinsa ya tafi gida, don kowace jimla sai ta shiga kunnensa ta fita ta bakinsa. Shi ya sa tun farkon magana nakan gane ko mai wa'azi ya san inda ya nufa.

Wanda ya shirya, juya maganarsa ba wuya. Jimlolinsa gajeru ne, wannan na riƙe da hannun waccan, har nakan hango abin da zai faɗa gaba. Wanda bai shirya ba kuwa, da yawan ayoyi ake gane shi. Ya taɓa Farawa, ya tsallaka Zabura, ya leƙa Romawa, ya faɗa Wahayin Yahaya, jama'a na ta buɗe shafi ba su zauna a ko ɗaya ba. Kowace aya gaskiya ce, amma an fita ba wanda zai iya gaya wa maƙwabcinsa abin da aka ce. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: nassi ɗaya, magana ɗaya, kuma maganar ta fito daga cikin nassin, ba a kawo ta daga waje a nema mata aya ba.

Wa'azin da ya fi zauna mini a rai, wani tsohon Rabaran ne ya yi shi, a kan Irmiya sura 29. Kowa a Jos ya san aya ta 11, inda Ubangiji ya ce ya san nufin da yake da shi dominmu, na alheri ba na masifa ba. Tana jikin keke, tana kan kalandar bango, ana karanta ta ranar yaye ɗalibai. Baba bai fara daga nan ba. Ya koma aya ta farko ya nuna mana cewa wasiƙa ce, Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar ya kwasa zuwa Babila. Ya ja mu baya zuwa sura 28, inda Hananiya ya yi wa jama'a albishir cewa cikin shekara biyu komai zai dawo daidai. Sannan ya karanta aya ta 10 a hankali: shekara saba'in. Yawancin waɗanda suka ji wasiƙar nan ba za su ga komawa gida da idonsu ba. To me Allah ya ce su yi kafin nan? Su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar birnin, su yi addu'a dominsa, gama cikin lafiyarsa za su sami tasu.

Masu sauraronsa mutane ne da suka ga rikice-rikicen Jos na Satumbar 2001, da Nuwambar 2008, da Janairun 2010. Akwai waɗanda suka bar unguwar da aka haife su ba su sake kwana a can ba. Baba ya yi hattara ƙwarai. Ya ce mu ba bayi ba ne a Jos, garinmu ne, maƙwabtanmu Musulmi kuma ba mutanen Babila ba ne. Amma in Allah ya umarci waɗanda aka kama su yi wa birnin masu kama su addu'a, wace hujja gare mu da za mu ƙi neman lafiyar garin da muke ci muke sha tare da wasu? Ya tambaye mu yaushe rabonmu da ambaton sunan mahaucin da muke sayen nama wurinsa cikin addu'ar gida. Sai a ƙarshe ya iso aya ta 11, kuma a lokacin ta riga ta yi nauyin da ba mu taɓa ji mata ba. Har tsakiyar mako matan Zumunta, ƙungiyar matan cocinmu, suna maganar wasiƙar Irmiya.

Bayan sujada na ce masa, "Baba, yaya kuke shirya irin wannan?"

Ya ce, "Ɗana, ran Litinin nake farawa. Ina karanta wurin da ƙarfi, da Hausa da Turanci, da surar da ke gaba da wadda ke baya, ina rubuta duk abin da ban gane ba. Littafin sharhi sai Laraba nake buɗe shi, don in na fara da shi, tunanin wani zan kawo muku. Alhamis ina zagaya gidaje. Juma'a in rubuta jimla ɗaya a saman takarda. In jimlar ta ƙi fitowa, ban gama ba."

Zagayen Alhamis ɗin nan na ga mutane suna raina shi, alhali rabin shirin ke nan. Bulus ma da ya isa Atina sai da ya zaga gari ya ga abin da suke bauta wa kafin ya buɗe baki a gaban majalisarsu. Faston da ya zauna a ɗakin gwauruwa, ya ji kukan mai sayar da tumatir a Farin Gada ranar da kaya suka ruɓe, ya san wane matashi ne ya gama hidimar ƙasa yana zaune ba aiki, ba zai rasa misali ba. Wanda bai zaga ba sai ya ara. Ina jin su nan da nan: labarin jirgin sama, labarin wani attajiri a Amurka, duk an kwaso daga YouTube. Ina juyawa da iyakar ƙoƙarina, amma ina kallon fuskar tsofaffin da ke benci na gaba, na san bai shiga ba. Sauraron manyan masu wa'azi ba laifi ba ne. Sai dai rigar aro ba ta kan zauna daidai a jiki ba, jama'a kuma suna gani.

Akwai batun harshe. Yawancin masu zama a sujadar Hausa a nan ba Hausa suka sha a nono ba. Akwai Birom, Angas, Afizere, Irigwe, Tarok, kowa da harshen gidansu, Hausa ce ta haɗa mu, kuma tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke a cikinta. Saboda haka Hausa mai sauƙi ake bukata, irin wadda Mama za ta maimaita wa jikanta da yamma. Nehemiya 8:8 ta ce Lawiyawa sun karanta Shari'a a fili, suka ba da ma'anarta har jama'a suka fahimta. Fahimtar jama'a ita ce ma'aunin a can, ba zurfin kalmomin mai karatu ba. In kuma da tafinta za ka yi, ka aiko masa da nassin tun Alhamis ko Juma'a, ya karanta daga Littafin Hausa da mutane ke riƙe da shi, kada ya ƙirƙiro aya daga bakinka. Ka kuma tuna cewa wa'azin minti ashirin da biyar, in an juya shi, ya kusa awa guda.

A kan murya ba zan tsawaita ba. Makirufo ya riga ya ɗauke maka wahalar ihu. In ka ɗaga murya daga farko har ƙarshe, ba ka bar wa babbar maganarka wurin tsayawa ba. Ka dubi mutane, ka dakata bayan tambaya su amsa a zuciyarsu, kuma kada ka sa "Halleluya" ta zama abin cike gurbi duk sanda tunani ya yanke. In ka ce "a ƙarshe", to ka ƙarasa.

Raguwar maganata ga dattawan ikilisiya ce, ni ma ina cikinsu. Garin nan ba ya rashin makarantu: ga kwalejin tauhidi ta TCNN a Bukuru, ga JETS, makarantar tauhidi ta cocin ECWA da aka buɗe a 1980, suna yaye mutanen da suka san yadda ake tona nassi. Amma da zarar an turo mana fasto sai mu cika masa mako da jana'iza, da sulhun aure, da kwamitin gini, da taron gunduma, sannan mu yi gunaguni in ya hau bagadi ran Lahadi da abin da ya haɗa daren Asabar. Manzanni sun ga wannan haɗari tun a Ayyukan Manzanni sura 6, suka sa aka zaɓi mutum bakwai su kula da rabon abinci, domin su su duƙufa ga addu'a da hidimar Kalma. A majalisar dattawanmu mun amince cewa safiyar Litinin da ta Laraba na fasto ne da Littafinsa. In ba mutuwa ko asibiti ba, duk mai bukata a waɗannan sa'o'i wurin dattijon unguwarsa zai je.