Keken da na hana a saya, aka sayar da sa hannuna

Duk wanda ya yi aiki a shagon keke a Jamus daga 2020 zuwa yau ya san yadda kasuwar ta juya. Lokacin korona jama'a suka yi ca a kan kekuna, kaca da takalmin birki suka yi wuyar samu, mai son sabon keke sai ya jira watanni. Masu shaguna suka ga haka suka yi odar kaya fiye da ƙima. Kafin kayan su gama isowa kasuwa ta lafa, zuwa 2023 ɗakunan ajiya sun cika maƙil. A shagonmu abin da ya fi tsaya wa Oga a rai shi ne wasu kekunan burji (kekunan da aka ƙera don hanyar da ba kwalta) na tsere masu gangar kabon, wato gangar jikinsu ta zaren kabon ce marar nauyi, da ke rataye a bango tun bara, kuɗinsu na kwance. Kowace safiya sai ya tuna mana da su. Ban taɓa ganin laifinsa a kan wannan ba, kowa da bashin da ke hana shi barci. Laifin da na gani, kuma har yanzu nake gani, shi ne abin da ya yi da wani dattijo da ya shigo mana a farkon 2024, da abin da ya yi da ni bayan haka. Ƙarshen watan nan zan bar shagon, shi ya sa nake rubuta wannan.

Dattijon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ƙaƙƙarfan mutum mai jiki. Burinsa ya tashi daga Marrakech a ƙasar Maroko ya haye duwatsun Atlas ta Telouet, ya sauka Ouarzazate, ya keta Jebel Saghro zuwa Nkob, da tantinsa da tukunyarsa, shi kaɗai. Ya ga hotunan gasar Atlas Mountain Race, wadda aka fara a 2020, hanyar ta shiga ransa. Ba tsere zai yi ba, tafiyar hankali yake so ta makonni.

Ban fara nuna masa keke ba. Na ce, "Malam, don Allah hau sikeli." Ya yi kilo 98. Muka lissafa kayan kwana da na girki da na gyara, kilo 15. Ruwa, a ƙasar da za ka yini ba ka ga rijiya ba, lita shida, wato kilo shida. Keken kansa kilo tara ko goma. Jimla ta kusa 130. Kowane kamfani yana rubuta iyakar nauyin da kekensa zai ɗauka, mahayi da kaya da keken gaba ɗaya, kuma a kekunan burji da yawa iyakar ba ta wuce kilo 120 ko 125 ba. Na bangonmu 120 ne. Daga nan ma magana ta ƙare, ko da ba a duba komai ba.

Amma na ci gaba da yi masa bayani, domin mutum ne mai son ya fahimta. Na ce masa abu na farko da zai duba a kowace ganga shi ne faɗin tayar da za ta iya ɗauka. Keken tsere yana tsayawa a milimita 40 ko 42, wanda ya isa a hanyoyin dajin Schwarzwald da ke bayan gari, inda burjin a daddaɓe yake sumul. Hanyar Saghro kuwa duwatsu ne masu kaifi da yashin kwazazzabai, kuma yawancin masu shiga waccan gasar ma da keken dutse suke zuwa. Mai kaya yana buƙatar milimita 50 ko sama da haka, don ya rage iska taya ta riƙa lanƙwasawa a kan dutse maimakon ta yi tsalle. Akwai kuma dalili na biyu da ba a cika faɗa ba. Wilin keken burji da ake kira 700c da wilin keken dutse mai inci 29 girman baki ɗaya ne, milimita 622. Idan gangarka na ɗaukar taya mai inci 2.1, duk garin da ake sayar da tayar keken dutse mai inci 29 ka tsira. Idan a 42 ta tsaya, taya na rataye a gabanka a shago, girmanta daidai da wilinka, amma ba za ta shiga tsakanin ƙarafan ba. Wanda zai gangaro ƙasashenmu kuma ya sani cewa tayar da muke kira 28 a kasuwannin Kano da Damagaram, ta Phoenix da tsohon Raleigh, milimita 635 ce, ba za ta zauna a wilin da Jamusawa su ma suke kira 28 ba.

Sai giya. Keken bango yana da haƙori 40 a gaba, mafi girma a baya 44. Ma'ana ko a giya mafi sauƙi, duk zagayen feda ɗaya wili na yin kusan zagaye guda. Ga saurayi marar kaya wannan ya wadatar. Ga mai shekara sittin da ɗoriya da ke jan kilo 130 zuwa mashigin da ya haura mita 2,000, gwiwa ce za ta biya. Na nuna masa wani keken ƙarfe mai giyar Shimano GRX ta waya, 38 a gaba, 51 a baya, inda wili ke yin kashi uku cikin huɗu na zagaye kawai. A takarda bambancin ƙarami ne. A hawan da zai ɗauki awa uku, shi ne bambancin wanda ke kan sirdi da wanda ke tura keke a ƙasa.

Abin da na fi daɗewa a kai shi ne wili, domin a nan na fara sana'a. A rumfar kawuna a Kano na koyi ɗaurin sifok, a kan kekunan da ake ɗora wa buhun gero ko jarkoki huɗu, kuma wilin bayansu sifok 40 ne. Ba ado ba ne. Nauyi yana rabuwa ne a kan sifok, idan ɗaya ya tsinke a cikin 32 ko 36, sai ka sassauta maƙwabtansa ka ci gaba da tafiya har gari. A wili mai 24, ɗaya na tsinkewa bakin wilin zai karkace, taya ta fara gogar ganga, saura kuma su bi sahu ɗaya bayan ɗaya saboda kayan da ya ƙaru a kansu. Keken ƙarfen 32 ne gaba da baya. Na bango 24.

Na kuma gaya masa gaskiya game da ƙarfe, ban zuzuta ba. Ana yawan cewa gangar ƙarfe kowane mai walda zai gyara ta. Da sauran magana. Bututun keken zamani kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, mai waldar ƙofa da tagogi zai huda shi ne kawai. Mai waldar gas da tagulla, irin masu gyaran lagireto, shi ne zai iya. Duk da haka ƙarfe yana lotsawa ya ci gaba da aiki, yana jure gogar jaka da ɗaurin igiya a saman motar haya, yana da ramukan noti na kariyar ɗora kaya da na gorar ruwa a ko'ina. Kabon yana da ƙarfi ƙwarai ta inda aka tsara shi, amma tsagewarsa kan ɓuya a ciki, kuma wancan na bango ko ramin kariya ba shi da shi.

Malam ya gamsu. Ya ce zai yi shawara da iyalinsa ya dawo ranar Asabar. Keken ƙarfen sai an yi odarsa, kuma kuɗinsa bai kai rabin na kabon ba.

Ranar Asabar Oga ya tura ni ƙasa in haɗa kekunan lantarki. Da na hau, na tarar an gama ciniki. An yi wa Malam ragi mai yawa, an ɗaga masa keken da yatsa biyu ya ji rashin nauyinsa, an nuna masa giya marar waya mai canzawa da taɓa maɓalli, an ce masa duk gwanaye shi suke hawa. Na ja Oga gefe na ce, "Oga, nauyinsa ya wuce iyakar keken nan." Ya ce kamfanoni suna rage lambar ne don kare kansu, kuma ni makanike ne ba ɗan kasuwa ba. Sannan ya miƙo mini takardar duba keke kafin miƙawa. Aikina ne, na yi shi yadda ya kamata. Na auna ƙarfin kowane sifok da ma'auni, na ɗaure kowane noti da sifana mai awo, na rubuta lambobin. A gurbin ƙarin bayani na rubuta cewa nauyin da mai keke ya faɗa ya zarce iyakar da kamfani ya sa. Na sa hannu. Na sake faɗa wa Malam da bakina a bakin ƙofa. Ya yi murmushi ya ce maigidan ya tabbatar masa ba komai.

Ya dawo kafin lokacin da ya ɗiba. Hawan farko da ƙafa ya yi yawancinsa. A gangaren Saghro sifok biyu suka tsinke a baya, taya ta goge ganga har ta ci fenti ta shiga kabon. Keken ya faɗi ta ɓangaren giya, ɗan ƙarfen da ke riƙe da giyar baya ya lanƙwashe, kuma babu wanda ya ba shi na ajiya, abin da bai fi tsawon yatsa ba. Motar kaya ce ta kai shi Nkob. Bai yi faɗa ba da ya shigo. Ya jingina keken ya ce shekara da shekaru yana tanadin wannan tafiya. Wannan maganar ta fi mini zafi fiye da zagi.

A gabansa, a gaban yaran da nake koya wa aiki, Oga ya ce wilin ba a ɗaure shi daidai ba ne, kuma ga sunan wanda ya duba. Na ce a ɗauko takardar. Aka ɗauko shafin farko mai sa hannuna. Shafi na biyu, mai lambobin awo da gargaɗina, aka ce ba a gan shi ba. Haka aka shafa mini kashin kaji da rana tsaka. Aka ba Malam sabon wili kyauta a matsayin gyaran kuskuren ma'aikaci, aka cire ni daga hulɗa da masu saye, aka mayar da ni ƙasa wajen buɗe kwalaye. Shekara uku da rabi ake yi ana koyon wannan sana'a a Jamus kafin a ba ka takardar shaida, na yi su, bayan waɗanda na yi a gida tun ina yaro. Babu wilin da na taɓa ɗaurawa ya dawo a karkace. Abokan aikina sun san haka, kuma babu wanda ya buɗe baki. Na fahimci dalilinsu, kowa yana da haya da zai biya, amma ban manta ba.

Darasin da na ɗauka daga nan, ga duk ɗan'uwa da ke wannan aiki a ƙasar da takarda ta fi baki ƙarfi: ka ɗauki hoton duk abin da ka sa wa hannu kafin ya bar hannunka, kuma gargaɗi ka rubuta shi a shafin da sa hannun yake. Ga mai sayen keke kuma, wanda ya fara tambayarka ina za ka da nawa za ka ɗauka, shi ne mai ba ka shawara. Wanda ya fara da ba ka keke ka ɗaga, kayansa yake son rabuwa da su.

Ba na cewa keken kabon ko giyar batir abin banza ne. Keken Salsa Cutthroat kabon ne, kuma don Tour Divide aka ƙera shi, tafiyar da ta haura kilomita 4,000 daga Banff a Kanada zuwa iyakar Amurka da Meziko. Amma ka duba shi: yana ɗaukar tayar keken dutse, kansa a sama yake, bayansa dogo ne, jikinsa duk ramukan noti. Sunan keken burji ya haɗa abubuwa biyu da ba su da alaƙa sosai. Akwai wanda aka yi don tseren yini guda irin na Emporia a jihar Kansas, akwai wanda aka yi don a zauna a kansa wata guda. A shago gefe da gefe ake rataye su.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Kan keke ya kasance daidai da sirdi ko kusa, in ba haka ba yatsu biyun ƙarshe za su mutu bayan 'yan kwanaki. Taya marar tub ita ce maganin ƙaya, amma ruwan toshe huji da ake zubawa a cikinta yana bushewa da wuri a ƙasa mai zafi, ka tafi da ƙari da tub biyu. Birkin mai ya fi kamawa, na waya ya fi sauƙin gyara a daji, kuma kada a zuba man DOT, irin na birkin mota, a birkin Shimano. Ɗan ƙarfen giyar baya, mahaɗin kaca, sifok uku da takalmin birki su shiga jaka kafin buroshin haƙori. Ramukan da ke jikin fok, ƙarafan da ke riƙe da wilin gaba, suna da iyakar nauyi, ka karanta. Ka loda keken da duk kayanka ka kwana biyu a kusa da gida kafin ka sayi tikitin jirgi.

Takardar shaidar aiki da Oga ya rubuta mini ta fito makon jiya. Duk wanda ya zauna a nan ya san yadda ake karanta irinta: kalmomi masu daɗi a sama, maki a ƙarƙashinsu. Matsakaici ya ba ni, kuma babu kalma ɗaya a kan ɗaurin wili ko yaran da na koyar. Na mayar masa da ita a rubuce na nemi ya gyara, na ajiye kwafi. Wurin da zan koma ƙaramin wurin gyara ne na mutum uku, ba sa ajiye kekuna a bango, sai mutum ya zo an auna shi a haɗa masa. Mai wurin bai tambaye ni takarda ba. Ya ba ni bakin wili da cibiyarsa da sifok 32 ya ce in ɗaura, ya auna da kansa, ya ce in fara ranar ɗaya ga wata.