Laraba: ƙudirin kwalejinmu da tafiyar da ke gabansa

Ban gama karyawa ba ɗan ƙanwata ya shigo da waya a hannu, bakinsa har kunne. "Kawu, an yi mana dokar kwaleji, ga shi ana ta yaɗawa a WhatsApp." Na karɓa na karanta. Abin da saƙon ya ƙunsa shi ne ƙudirin kafa kwalejin aikin gona ta tarayya a yankinmu ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai. Na ce masa ya samu wuri ya zauna, domin tsakanin karatu na biyu da doka akwai tafiya mai nisa, kuma a kan wannan hanya ƙudirori da yawa suke kwana ba su tashi ba.

Na fara masa da ginin gidan kansa. Majalisar Dokoki ta Tarayya zaure biyu ce. Majalisar Dattawa, mai jan zaure, tana da sanatoci 109: uku daga kowace jiha cikin 36, sai ɗaya na Abuja. A nan Kano da Bayelsa nauyinsu ɗaya. Majalisar Wakilai, mai koren zaure, tana da kujeru 360 da aka raba bisa yawan jama'a, shi ya sa Kano da Legas ke da 24 kowacce, Kaduna 16, Katsina 15, Bayelsa kuwa 5. Sashe na 58 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce sai zaurukan biyu sun zartar da ƙudiri, shugaban ƙasa ya rattaba hannu, sannan ya zama doka. Ƙudirin kwalejinmu ko rabin zaure ɗaya bai gama ratsawa ba.

Da hantsi muka kunna talabijin don kallon zaman yau. Talata, Laraba da Alhamis ne ranakun zaman zaure, kuma kundin ya wajabta wa kowane zaure zama na aƙalla kwana 181 a shekara. Dogarin majalisa ne ke shigowa gaba, ɗauke da sanda a kafaɗa, shugaba na biye. Sai an ajiye sandar a mazauninta zaman yake ɗaukar ƙarfin hukuma. Shi ya sa ranar 18 ga Afrilu 2018, da wasu suka kutsa Majalisar Dattawa, sandar suka sure suka fita da ita, sai da aka kawo wata kafin a ci gaba. Bayan addu'a ana amincewa da bayanin zaman da ya gabata, a karanta wasiƙun shugaban ƙasa idan akwai, a karɓi koke-koken jama'a, sannan a shiga takardar jerin ayyukan ranar. Wannan takarda ita ce ƙofar komai. Kwamitin dokoki da tsara ayyuka ne ke shirya ta tare da shugabanni, kuma ƙudirin da bai hau kanta ba, ko ya kai gwal kyau, ba za a taɓa shi ba.

A nan na tsayar da yaron kan wani ruɗani da Hausarmu ta kafofin labarai take jawowa. Kalmar "ƙudiri" muke amfani da ita ga abubuwa biyu mabambanta. Akwai wanda ɗan majalisa ke tashi ya gabatar, a yi muhawara, a cimma matsaya, a ce majalisa ta yi kira ga ma'aikata kaza ta gyara hanya ko ta kai ɗauki ga waɗanda ambaliya ta shafa. Wannan kira ne mai nauyin siyasa, amma ba ya zama doka. Sannan akwai ƙudirin doka, mai lamba, mai sassa, mai karatu uku. Mutum zai ji a rediyo an ce majalisa ta amince da ƙudiri, ya ɗauka an gama, alhali kira kawai aka yi.

Karatu na farko ba ya cin minti ɗaya. Akawun zaure ya karanta sunan ƙudirin, shi ke nan, ba muhawara. Karatu na biyu ne ake jin murya: mai ƙudirin ya jagoranci muhawara a kan manufarsa gaba ɗaya, me ya sa ake buƙatarsa, wa zai amfana, idan kuma zai ci kuɗin gwamnati ya kawo ƙiyasin abin da zai ci. Ba a shiga sassa ɗaya bayan ɗaya. Shugaba ya jefa tambaya, masu goyon baya su amsa da murya, masu adawa su amsa, ya buga guduma ga ɓangaren da ya ji ya fi ƙarfi. Wanda bai gamsu ba yana da damar neman a ƙirga ƙuri'a mutum-mutum. Ƙudirin kafa makaranta ko asibiti a mazaɓar wani kuwa da wuya abokan aikinsa su kayar da shi a wannan mataki, domin kowa yana da irinsa a layi. Tsallake karatu na biyu, a irin wannan ƙudiri, shi ne mataki mafi sauƙi.

Akwai lissafin da nake so kowane mai zaɓe ya riƙe. Sashe na 54 ya ce kashi ɗaya cikin uku na mambobi ya isa a yi zama: mutum 120 a Wakilai, 37 a Dattawa. Sashe na 56 kuma ya ce rinjayen waɗanda suke wurin suka kaɗa ƙuri'a shi ke yanke magana, shugaba ba ya jefa tasa sai an yi kunnen doki. Wato wakilai kimanin 60 da sanatoci 19 suna iya zartar da dokar da za ta hau kan kowa a ƙasar nan. Don haka halartar wakilinka ba ƙaramin abu ba ne. Kundin ma ya tanadi cewa wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin zaman shekara ba tare da uzuri ba, yana iya rasa kujerarsa.

Bayan Azahar muka koma kan inda ƙudirin yake yanzu, wato hannun kwamiti. A nan ake ainihin aikin, kuma a nan aka fi yin asara. Ana ba kwamiti 'yan makonni ya dawo da rahoto. Zai sa sanarwa a jaridu, ya gayyaci ma'aikatar da abin ya shafa, da masana, da ƙungiyoyi, da duk mai magana, su kawo takardar ra'ayinsu, a yi zaman jin ba'asin jama'a. Abubuwan da ke kashe ƙudiri a nan sanannu ne. Zaman jin ba'asi yana cin kuɗi, don haka akan tara ƙudirori da yawa a saurare su rana ɗaya, kowanne ya samu ɗan lokaci kaɗan. Wani ƙudirin an kwafo shi ne daga wata tsohuwar doka ba a gyara sunayen hukumomi ba. Wani yana karo da dokar da ke aiki, ko yana ba sabuwar hukuma aikin da wata ke yi. Wani kuma ya shiga hurumin da ba na tarayya ba, domin kundin ya ware abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, kamar tsaro da kuɗin ƙasa da kwastan, da waɗanda take tarayya da jihohi a kansu. Jerin ma yana sauyawa: a 2023 aka mayar da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali cikin abubuwan da jihohi ma ke da hannu. Sau da yawa kuma ba wani dalili babba, rahoton ne kawai ba a rubuta ba, wa'adi ya wuce, ba wanda ya bi sawu.

Idan rahoto ya dawo, zauren gaba ɗaya yakan rikiɗe ya zama kwamiti. Ana sauke sanda zuwa ƙasan mazauninta, a bi ƙudirin sashe bayan sashe. A Majalisar Wakilai mataimakin kakaki ne ke jagorantar wannan zama. A ganina wannan ne sa'ar da ta fi kowace muhimmanci a rayuwar doka, domin a nan ake sauya "wajibi ne" ta koma "yana iya", ko a mayar da kashi 5 ya zama 3, kuma ita ce sa'ar da 'yan kallo suka fi ƙosawa da ita. Daga nan sai karatu na uku, a zartar, a aika wa ɗaya zauren ya bi nasa matakan.

Idan abin da zaurukan biyu suka zartar ya bambanta ko da kalma ɗaya ce, sai a kafa kwamitin daidaitawa daga ɓangarorin biyu. Dokar man fetur ta nuna wannan a fili. Tun 2008 aka fara kai ta majalisa, tana mutuwa ana tayar da ita. A Yulin 2021 Dattawa suka ware wa al'ummomin da ake haƙo mai a yankinsu kashi 3, Wakilai suka ce kashi 5. Kwamitin daidaitawa ya ɗauki 3, kuma haka Shugaba Buhari ya sa mata hannu a Agustan shekarar. Shekara 13 ke nan. A ɗaya gefen, dokar da ta dawo da tsohon taken ƙasa a Mayun 2024 cikin kwanaki ta ratsa zaurukan biyu, Shugaba Tinubu ya sa hannu ranar 29 ga watan. Matakan iri ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne wa ke turawa.

Bayan daidaitawa, Akawun Majalisar Tarayya ke shirya tsabtataccen kwafi, ya tabbatar shi ne abin da aka zartar, ya miƙa wa shugaban ƙasa. Shugaban yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya sanar cewa ya ƙi. Kafin nan akan nemi shawarar ma'aikatar shari'a da ta kuɗi, kuma ƙudirorin kafa sababbin makarantu a nan suka fi tuntuɓe, a kan tambayar ina kuɗin gudanarwa. Idan ya ƙi, hanya biyu ce. Ko a gyara abin da ya yi ƙorafi a kai, kamar yadda aka yi da dokar zaɓe: Buhari ya mayar da ita a Disambar 2021 saboda tilasta wa jam'iyyu zaɓen fidda gwani na 'yar tinƙe, aka gyara, ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairu 2022. Ko kuma kowane zaure ya sake zartarwa da kashi biyu cikin uku, ta zama doka ba da sa hannunsa ba. An yi haka a shekarar 2000 da dokar hukumar raya yankin Neja Dalta, lokacin Obasanjo. Tara sanatoci 73 da wakilai 240 a kan shugaban da jam'iyyarsa ke da rinjaye abu ne mai wuya, shi ya sa ba a cika gani ba.

Da La'asar yaron ya yi tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: me ya sa duk zaman da Turanci ake yi? Na buɗe masa sashe na 55. Ya ce za a gudanar da aikin majalisa da Turanci, da kuma Hausa, Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Tun 1999 maganar take a rubuce. Da a ce takardar jerin ayyuka da rahotannin kwamiti suna fitowa da Hausa, da manomin da za a gina wa kwalejin ya san ranar jin ba'asi, ya aika da nasa ra'ayin kan inda za a sa ta da abin da za a koyar, maimakon ya jira saƙon taya murna.

Saura abu biyu da na ƙara masa kafin Magariba. Ko an sa hannu, doka takarda ce har sai an sa wa kwalejin layi a kasafin kuɗi, kasafin kuma shi ma ƙudirin doka ne da shugaban ƙasa ke kawowa, ya bi kwamitoci. Sannan akwai lokaci. Majalisa ta goma, wadda Godswill Akpabio da Tajudeen Abbas ke shugabanta, ta fara zama ranar 13 ga Yuni 2023, wa'adinta na shekara huɗu zai cika a Yunin 2027. Ƙudirin da bai kammala ba kafin nan, sai an sake tayar da shi a sabuwar majalisa, idan ma mai shi ya dawo.

Gobe zai je ofishin mazaɓa. Na rubuta masa abin da zai tambaya a bayan wata takarda: lambar ƙudirin, wadda ke farawa da HB tunda daga Wakilai ya fito; sunan kwamitin da aka miƙa wa da makonnin da aka ba shi; ranar jin ba'asin jama'a da inda ake kai takardar ra'ayi; da kuma sanatan da zai riƙe shi idan ya isa jan zaure.