Abin da funfuna ta koya mini a kan abinci da zafi a ɗakin gwaje-gwaje

Funfuna uku na yi aiki da su, kuma duk daga kasuwa na samo su: Aspergillus flavus daga gyaɗar da ta fara lalacewa, Aspergillus niger daga albasa mai baƙin gari a ƙarƙashin ɓawo, sai Penicillium digitatum daga lemon zaƙi da ya yi kore a gefe. Tambayata mai sauƙi ce: idan na sauya abincin da nake ba su, na kuma sauya zafin wurin, me zai faru da girmansu?

Abinci huɗu na haɗa. Na farko shi ne PDA, wanda kowane ɗalibi ya sani: a dafa dankalin turawa giram 200, a tace ruwan, a zuba sukarin gulukos giram 20 da aga (garin da ke sa ruwan abincin ya daskare) giram 15, a cika ruwa zuwa lita ɗaya. Na biyu Sabouraud, mai sunan likitan fata ɗan Faransa da ya fito da shi, wanda ke da gulukos giram 40 da fefton (sinadarin furotin da aka narkar) giram 10. Na uku Czapek, wanda babu dankali ko nama a cikinsa, sukari ne da gishirin naitiret da wasu ma'adanai kawai. Na huɗu ruwa ne da aga zalla. Duk na turara su a otokilef, tukunyar da ke kashe ƙwayoyin cuta da tururi, kan digiri 121 na minti 15, na sa maganin kuloramfenikol don hana bakteriya tsirowa, na zuba a faranti. Daga nan sai in yanko ɗan da'ira mai faɗin milimita 5 daga bakin funfunar da ke girma, in dasa a tsakiyar kowane faranti, in raba su tsakanin firji da inkubeta, wato akwatin da ake saita zafinsa, mai digiri 25, 30 da 37.

Zafi ne ya fara raba su. A firji kusan babu abin da ya motsa, amma ba mutuwa suka yi ba, domin da na fito da farantan na ajiye a wuri mai ɗumi sai suka ci gaba da tsiro. A digiri 25 kowa ya yi girma, ta lemon nan har ta fi sakewa. A 37 kuwa ita ko ɗigo ba ta ƙara ba, alhali Aspergillus biyun nan sun mamaye faranti, ɗaya kore mai ruwan ɗorawa, ɗaya baƙi ƙirin. Wanda ya ga haka ba zai yi mamakin yadda su biyun suka addabi rumbunanmu ba. Zafin ƙasarmu nasu ne.

A nan zan tsaya in faɗi abin da ke damuna a rahotannin ɗalibai da yawa. Sai ka ga an rubuta cewa an ajiye farantai "a zafin ɗaki". Wane ɗaki, a wane wata? Ɗakin da ke sanyi ƙarara da asubahin hunturu shi ne yake zama kamar tanderu a watan Afrilu. Littattafan da muke kwaikwayo suna nufin digiri 20 zuwa 25 ne idan sun faɗi haka, mu kuwa a bazara muna wuce 35 ba tare da wahala ba. Ko inkubetar ma ba a sakin jiki da ita, saboda idan an ɗauke wuta da rana zafin cikinta yana bin na ɗaki. Shi ya sa na ajiye ma'aunin zafi a ciki, ina rubuta abin da ya nuna safe da yamma, ba abin da aka saita a jikin na'ura ba.

Batun abinci ya fi ba ni aiki. Yadda aka saba aunawa shi ne a ja layi biyu masu gicciye a bayan faranti, a riƙa ɗora rula kullum ana duba faɗin da funfuna ta kai. Da wannan awo, farantin ruwa da aga zalla bai yi baya sosai ba. Zaruruwan funfunar sun miƙe sun yi nisa, amma sirara ne, sai ka ɗaga farantin ga haske kafin ka gan su da kyau. A kan PDA da Sabouraud kuwa shimfiɗa ce mai kauri, cike da ƙwayoyin iri. Funfunar da ba ta samu abinci ba neman sa take fita yi, don haka faɗinta ba shaidar ƙoshi ba ne. Sai da na koma shuka su a ruwan abinci marar aga, na tace, na busar, na ɗora a sikeli, sannan bambancin gaskiya ya fito fili. Wanda ya tsaya ga rula kaɗai zai iya rubuta ƙarya da zuciya ɗaya.

Czapek ma ya nuna wani abu. Aspergillus biyun sun rayu a kansa lafiya, domin suna iya sarrafa naitirojin na gishiri su gina jikinsu. Ta lemo kuwa da ƙyar ta tsiro, kuma dama an san ta da haka. Da na ƙara sukari fiye da kima, girma bai ci gaba da hauhawa ba. Ya kai wani matsayi sai ya fara ja da baya, saboda sukari mai yawa yana riƙe ruwa ya hana funfuna sha.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne guba. Aspergillus flavus ita ce ke yin afilatoksin, gubar da aka gano bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da gyaɗar Burazil. Tana lalata hanta, tana jawo sankara, kuma a 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Akwai hanya mai araha ta hango ta: a shuka funfunar a kan aga mai madarar kwakwa, a haska bayan farantin da fitilar UV, mai hasken ultraviolet, cikin duhu. Idan tana fitar da gubar za a ga shuɗin haske ya kewaye ta. Farantaina na digiri 37, waɗanda suka fi cika ido, haskensu ya yi rauni ƙwarai. Na digiri 30, da ba su kai su faɗi ba, su ne suka haska sosai. Wannan ya dace da abin da masana suka tabbatar, cewa zafin da ta fi girma a cikinsa daban, wanda ta fi yin guba a cikinsa, wajen 28 zuwa 30, shi ma daban. Gwajin kwakwa alama yake bayarwa kawai, ba ya faɗin yawan gubar. Kuma ba kowace Aspergillus flavus ke yin ta ba. Da irin marasa gubar ne cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta haɗa Aflasafe, wanda manoma ke watsawa a gona don su kori masu gubar.

Digiri 28 zuwa 30 tare da danshi shi ne yanayin ɗakunan ajiyarmu a ƙarshen damina, daidai lokacin da ake shigo da gyaɗa da masara da ba su gama bushewa ba. Saboda haka aikin da na sa a gaba yanzu ba a kan aga ba ne, a kan ƙwayar gyaɗar kanta ne, ina jiƙa ta mataki-mataki don in ga daga wane danshi gubar ke fara bayyana. Duk ɗalibin da zai taya ni sai ya sa takunkumi da safar hannu, kuma babu farantin da ke barin ɗakin sai an sake turara shi a otokilef.