Lamba huɗu ko lamba shida

Asabar. An yi yayyafi da asuba, kafin hantsi gari ya washe, zafin Yuli ya dawo da ƙarfinsa. Uwargida ta soya ƙosai, Auta ya kusa cinye rabi tun ba a gama kwashewa ba. Yau ce ranar da Yaya ya ce zai raka ni sayen sandar kamun kifi, tunda maƙwabcina zai karɓi wadda ya ara mini, za shi jihar Pennsylvania.

Hanyar Front Royal, wani gari a jihar Virginia ta Amurka, ta yi daɗi, ba cunkoso. Da muka hau gada na leƙa kogin Shenandoah, ruwa ya ja baya sosai, duwatsu duk sun fito. Muna tafe muna hira, Yaya sai dariya yake.

Dattijon mai shagon bai fara da zancen kuɗi ba, abin da ya sa nake son zuwa wurinsa ke nan. Tambaya biyu ya yi mini: a wane ruwa, kuma wane irin ƙwaron ƙarya zan riƙa ɗaurawa a ƙugiya ina jefawa. Na ce kifin bas mai ƙaramin baki nake nema, a reshen kudu na Shenandoah da ƙananan rafukan da ke zuba cikinsa. Ya shiga ciki ya fito da sanduna uku, lamba 4 mai tsawon ƙafa 8, sai lamba 6 da lamba 7 masu ƙafa 9, ya ce mu zagaya bayan shago mu gwada a kan ciyawa.

Yaya ya riga ni ɗaukar lamba huɗun. Ya kaɗa ta sau biyu, fuskarsa ta cika da fara'a.

"Ka ga sanda. Ji yadda take a hannu, ba nauyi ko kaɗan. Ko kifi mai inci goma ne zai lanƙwasa ta har gindi, ku daɗe kuna fafatawa. Ai daɗin abin ke nan."

Na ce, "Yaya, sandar ta yi kyau, amma ba aikinta ba ne."

A irin wannan kamun, ƙwaron ƙaryar da ake ɗaurawa a ƙugiya ba shi yake jan zare ba, zaren ne da nauyinsa yake ɗaukar ƙwaron ya kai shi. Lambar da ke jikin sanda lambar zaren ce, ana auna ta da nauyin ƙafa 30 na farkonsa. Lamba 5 wajen giram 9 ne, lamba 6 giram 10 da ɗoriya, lamba 7 kusan giram 12. A baki bambancin ba yawa, sai ka ɗaura ƙwaro mai nauyi iska kuma ta taso za ka gane. Bas kuwa ba ɗan mitsitsin ƙwaro yake so ba. Abincinsa ƙananan kifaye ne da jatan landen ƙarƙashin dutse, don haka abin da ake jefa masa dole ya yi girma.

Dattijon ya buɗe akwati ya ɗora mini wani ƙwaron ƙarya da ake kira Clouser a tafin hannu, ya riga ya yanke bakin ƙugiyar saboda gwaji. Gashin jelar barewa ne, fari da kore-kore, an ɗaure masa idanu biyu na ƙarfe kusa da kai. Idanun ne suke nutsar da shi, su kuma juya ƙugiyar ta kalli sama don kada ta sarƙe a dutse. Bob Clouser ne ya ƙirƙiro shi a 1987, musamman saboda wannan kifin, a kogin Susquehanna. Yaya ya jefa shi da lamba huɗu, zaren ya yi laƙwas a sama, ƙwaron ya wuce ta gefen kunnensa ya faɗi kusa da ƙafarsa. Da lamba shida kuwa zaren ya miƙe sambal ya sauka inda aka nufa.

Duk wannan Yaya bai musa ba. Ya ce sai in riƙa jefa ƙanana. Inda muka saɓa shi ne da na ce ba na son daɗewa ina jan kifi a wannan zafin. Ruwa in ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take yi, shi kuma bas ba ya sallamawa da wuri, zai yi tsalle, ya nutse, ya shiga ƙarfin ruwa, sai ya ƙarar da duk abin da ke jikinsa. Da sanda mai rauni ba ka da yadda za ka kawo shi da sauri. Ka sake shi, ka ga ya tafi, ba lallai ya kai gobe ba.

Sai Yaya ya yi dariya ya ce, "To, malam mai tausayi. Lokacin da kake soka masa ƙugiya a baki fa, ina tausayin yake?"

Da wasa ya faɗa. Amma tun ɗazu maganar take cina.

Marigayi Baba a Yauri bai san wani abu wai shi kama-ka-saki ba. Abin da ya shiga koma, ko tukunya ko kasuwa, ba a wasa da shi. A nan Amurka na zo na tarar ana kama kifi a mayar, na shiga, na kuma so abin har raina. Ina son tsayuwa cikin ruwa zuwa gwiwa da sassafe, ina son ƙarar da bas yake yi in ya kawo wa ƙwaron saman ruwa cafka. Gaskiyar Yaya ce, don jin daɗina nake taɓa lafiyar halittar da ba ci zan yi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tunda an riga an soka ƙugiya, sauran duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Mun taso ana gaya mana ko yanka za ka yi, ka wasa wuƙa don kada dabba ta wahala. Wanda ya danne ƙayar ƙugiya da filaya, ya jiƙa hannu kafin ya taɓa kifi, ya kawo shi cikin minti ɗaya ko biyu, ya riƙe shi yana fuskantar ruwa har ya fizge da kansa, ba daidai yake da wanda ya zaɓi sanda mai rauni da gangan don wahalar ta yi tsawo ba. A wurin ban iya faɗa wa Yaya haka ba. Yayana ne, kuma ga baƙo tsaye. Na ce masa kawai, "Allah ya ba ka haƙuri, Yaya, shidan zan ɗauka."

Akwai inda ya fi ni hujja, wato ƙananan rafuka. Inda rassan itatuwa suka rufe ruwa, ƙafa 9 ta yi tsawo, sai ka yi ta ciro zare daga ganye. Dattijon ma ya tabbatar, ya ce da rafi kaɗai nake shiga da mai ƙafa 8 zai ba ni. Lamba bakwan kuma ta fi dacewa da mai hawa kwale-kwale a babban kogi kamar Potomac ko Susquehanna. Ni sanda ɗaya aljihuna zai ɗauka, sai na tsaya a tsakiya: lamba 6, ƙafa 9, mai gaɓa huɗu, ta girafait, wato wani abu mai ƙarfi mara nauyi, wadda take lanƙwasa daga tsakiya zuwa kai, ba mai taurin nan da sai gwani ba. Akwai wata a jikin bango da ta haura dala ɗari tara, ko taɓa ta ban yi ba.

Mun yi azahar a hanya. A mota shiru ya fi magana yawa. Ya sauke ni, bai shigo ya gaisa da uwargida ba, wai yana sauri.

Uwargida ta tambayi kuɗin, na faɗa, ta ce Allah ya sa albarka. Auta ya harhaɗa gaɓoɓin a falo, saura kaɗan ya taɓa fanka. Yana ta murna wai shi ba ya buƙatar lasisi tunda bai kai shekara 16 ba, a tafi gobe. Goben ba za ta yiwu ba, zare lamba 6 mai yawo a saman ruwa ya ƙare a shagon, sai Talata za a kawo.