Godiya bayan kammala gyaran maƙabartar sojoji

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an gama gyaran maƙabartar sojojin Nasara na yaƙin duniya na biyu da ke bayan unguwarmu. Jiya bayan La'asar mai walda ya ɗaura ƙyaure, aka sa kwaɗo, aka damƙa makulli a hannun mai unguwa. Yaronmu da maciji ya sara wurin aikin ma an sallamo shi daga asibiti, yana taka ƙafar ko da yake da sanda. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗaga ba, ku yi haƙuri, gajiya ce. Har yanzu tafin hannuna bai daina zogi ba.

Yadda wurin yake a da kun gani a hotuna, ba sai na maimaita ba: juji, leda, tumfafiya da ƙaya har ƙirji, akuyoyi suna kwana a kan duwatsun. Maganganun da aka yi ta yaɗawa a kanmu, wai mun bar maƙabartar Musulmi mun koma yi wa Nasara bauta, su ma kun ji. Allah ya saka wa Malam Liman da alheri, shi ya kashe wutar a huɗuba guda. Ya karanto ayar da Allah ya ce ya karrama 'yan Adam, ya kawo hadisin da aka wuce da gawar Bayahude, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye, da aka yi masa magana ya ce ashe ba rai ba ne? Washegari wasu daga cikin masu surutun suka zo da fartanyarsu. Ban tambaye su komai ba, na dai nuna musu inda za su fara.

Abin da bai bar zuciyata ba shi ne ranar da muka ɗaga dutsen da ya kife kusa da suri. Mu huɗu ne a kansa, ɗan Yayata yana ta ɓangaren ƙasa, da silifas a ƙafarsa. Ban ga komai ba. Muryarsa kawai na ji, a hankali, ko ihu bai yi ba: "Kawu, wani abu ya sare ni." Kafin in juyo kububuwa ta shige ciyawa. Duk wanda ya tashi a karkara ya san abin da wannan sunan yake nufi. A cikin a-daidaita-sahu na ga jini yana tsattsafowa daga dasashinsa, yana sharewa da bakin riga don kada in gani. Ina riƙe da kansa ina salati, amma wallahi tunanina ɗaya ne: da wane baki zan gaya wa uwarsa cewa na kai mata ɗa ya mutu wurin share kabarin baƙi?

Mai a-daidaitan nan ban san sunansa ba. Ya sauke fasinjojinsa a bakin titi ya ɗauke mu, ya jira har aka karɓi yaron, da na miƙa masa kuɗi ya ture hannuna ya ce in ƙara a na allura. Idan wannan saƙo ya kai gare ka, bawan Allah, Ubangiji ya tsare ka a kan hanya, ya ba ka mashin na kanka in na haya kake ja. Ma'aikaciyar jinyar da ta kwance tsumman da muka ɗaure ƙafar da shi, ta yi mana faɗa, sannan ta kwana a kansa tana duba ko jininsa ya fara daskarewa, Allah ya raya mata zuri'a. Kuɗin allurar kashe dafi ya fi ƙarfin abin da ke aljihuna a daren. Matan zumunta na cocin bayan tasha ne suka haɗo shi a ƙullin ɗankwali, Mama shugabarsu ta kawo da kanta da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Na san ba za ta so a ambace ta ba, amma sai na faɗa.

Yaya ta iso da asuba. Na tashi na ba ta kujera na kasa haɗa ido da ita. Ta daɗe tana shafa goshin yaron, can ta ce, "Auta, saura kabari nawa?" Na ce Yaya, ai maganar aiki ta ƙare, na bar shi. Ta ce, "In ka bar shi saboda ɗana, ban yafe ba. Ka manta Kaka? Har ta koma ga Allah tana tambaya wa ya yi wa mijinta sutura, wa ya sallace shi. Iyayen yaran can su ma da wannan tambayar suka mutu." Nan na fita waje na yi kukan da na riƙe tun yamma.

Ga waɗanda ba su san gidanmu ba: kakanmu na wajen uwa yana cikin sojojin da aka kwasa zuwa Burma a yaƙin duniya na biyu, bai dawo ba. Runduna biyu aka kai daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, kuma Hausa ce harshen bariki a tsakanin 'yan Najeriyarsu. Sun yi yaƙi da Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka shiga Myohaung a Janairun 1945. Sunayen da muke ji a barikoki, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Arakan a Legas, duk daga can aka ɗebo su. A Taukkyan, arewa da birnin Yangon, akwai kaburbura fiye da 6,000, da ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san inda suke kwance ba. Mutanen ƙasar ne suke yanke ciyawar wurin suna ba furanni ruwa, mutanen da ba addininmu ɗaya ba, ba su taɓa jin sunan garinmu ba. Tunda wani yana share inda namu suke, ni ban ga yadda za a yi mu riƙa zuba shara a kan 'ya'yan wasu ba.

Su kuma waɗanda ke kwance a wurinmu, 'yar maƙwabcinmu mai karatu a jami'a ce ta gano mana ko su wane ne. Ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya a shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917, take riƙe da sunayen mutum kusan miliyan 1.7 a ƙasashe fiye da 150. Yawancin na wurinmu sojojin sama ne, samari, da wuya ka ga wanda ya kai talatin. Tun daga Satumban 1940 ake kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a Gana, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ita ce Injamena, su ratsa Darfur zuwa Khartum, su ƙare a Masar. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Hazon hunturu da zazzaɓi sun ci wasu tun ba su kai fagen daga ba. 'Yar maƙwabcin nan ce kuma ta hana mu goge duwatsun da burushin ƙarfe ko ruwan batir kamar yadda wani ya ba da shawara. Ruwa zalla da burushi mai laushi, a hankali, har rubutun ya fito. Ta nemo mana sunan kakanmu ma, sai dai a lokacin sunan yanka da sunan gari kawai ake rubuta wa soja, masu irin sunansa suna da yawa. Ta kuma nuna mini rahoton 2021 inda hukumar da kanta ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, yawancinsu 'yan Gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba, har gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Amma yaran da ke kwance a bayan unguwarmu ba su suka yanke wannan hukunci ba. Allah ya ba ki miji nagari, 'yata, ya sa ki gama karatu lafiya.

Baba birkila ya ɗora bulo har layi na ƙarshe bai karɓi ko sisi ba, abincin rana kawai. 'Yan ga-ruwa sun yi ta turo kura kyauta. Inna mai ƙosai ta ciyar da samari kullum da safe. Samarin ƙungiyar ƙwallo da suka koma cikin ciyawar nan bayan abin da ya faru, wannan karon da takalman roba, ban san da me zan biya ku ba. Allah ya biya ku, ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya jiƙan iyayenku, ya sa kada ku wulaƙanta a raye ko a mace, ya kare ku daga sharrin abin da ke cikin ciyawa da abin da ke cikin zukatan mutane. Allah ya jiƙan kakanmu da duk Musulmin da suka kwanta a ƙasar da ba tasu ba. Baƙin da muka gyara wa makwanci kuwa, lamarinsu yana wurin Mahaliccinsu.

'Yan uwanmu na Abuja da Kaduna, jikokin mutumin nan ɗaya, da suka ce siminti yana hanya, mun gode da niyya. Na san hidima ta yi yawa. Da dai ko waya aka buga wa Yaya a kwanakin asibiti, da ta ji daɗi.

Shara za a riƙa yi duk Asabar ɗin farkon wata, jadawalin yana wurin mai unguwa. Don Allah a daina jefa leda ta saman katanga. Masu son duba yaron, yana gidan Yaya. Bayan La'asar ya fi, da safe ake wanke masa ƙafar.