Jirgin dizal ɗin da ke ratsa Agege lokacin muna yara

Jiya da yamma ina dawowa daga Oshodi na shiga Red Line, jirgin ƙasan nan na cikin garin Ikko, na zauna kusa da taga, da ya tashi daga tasha sai na ji wannan gurnanin na injin dizal ya taso ta ƙasan kujera, wallahi sai da jikina yai sanyi, don rabon da in ji wannan ƙarar a cikin jikina haka an daɗe. Har na sauka a Agege tunanin tsohon jirginmu nake, shi yasa yau nace bari in zauna in rubuta ko na samu sauƙi.

Ni a Agege aka haife ni, gidan da muke haya bai fi tafiyar minti biyar ba zuwa bakin dogo. Baba fataucin goro yake, kuma duk wanda ya san tarihin Hausawan Agege ya san goro da shanu da reluwe ne suka tara mu a wajen. Shanu su sauko daga Arewa, goro ya hau, duk a kan wannan siririn layin da aka fara daga Ikko ya kai Ibadan a 1901, aka haɗe shi da Kano a 1912. To mu da muka taso ba mu tarar da mai gawayi ba, labarinsa kawai muke ji a bakin su Baba, wai in ka leƙa taga sai garwashi ya faɗa maka ido. Mu na dizal muka sani, kan jirgi guda ɗaya ƙato, fentin jikinsa duk ya dafe da hayaƙi, yana jan taragu a baya.

Kafin ka ganshi za ka ji shi. Dogon ne ke fara yin wani siririn kuka kaman ana wasa wuƙa, sai ƙasa ta ɗau rawa, sai oda, sai masu kasa kaya a bakin layi su hau janye tire da kwanduna ba tare da ko sun ɗago kai ba, yana wucewa kowa ya maida kayansa inda yake. Innarmu ba ta duba agogo da safe, in na asuba ya wuce zuwa Iddo ta san lokacin ɗora ruwan koko yayi.

Akwai wani dattijo maƙocinmu da yai aiki a wajen gyaran jirage a Ebute Metta har ya ajiye aiki, Kawu muke ce masa duk da ba mu haɗa komai ba sai zaman tare. Shi ya fara gaya min abin da har yau yake ban mamaki, yace min "yaro, kai kana zaton injin nan ne ke juya ƙafafun? A'a, injin janareta yake juyawa, janareta ya bada wuta, wutar ce ke tura injinan lantarkin da ke jikin ƙafa." Wato jirgin tashar lantarki ce guda mai tafiya da kanta. Shi yasa in zai tashi sai ka ji injin ya ɗaga murya sosai, hayaƙi baƙi ya turnuƙe sama, amma jirgin bai motsa ba tukun, sai can ka ji ƙarafan da suka haɗa taragun suna amsawa ɗaya bayan ɗaya, ƙwas, ƙwas, ƙwas, tun daga gaba har na ƙarshe. Kawu in yana zaune a kan tabarma da ƙarar kawai yake gane lafiyar inji, wani lokacin ya girgiza kai yace wannan yana neman a duba shi.

Tafiyar da ba zan manta ba ita ce ta farko da Baba ya tafi dani gida Kano hutun babbar sallah, ina aji huɗu a firamare. Kilomita 1,126 ne tsakanin Legas da Kano a dogo, kwana ake yi a hanya, wani zubin har a shiga na biyu, kuma ba wanda ke tada hankali don kowa da guzurinsa ya fito. Inna ta ƙulla mana dambun nama da ƙuli-ƙuli da burodin Agege manya guda biyu, ga buta, ga darduma. Taragon cike, sojoji masu tafiya Kaduna, matan Yarbawa 'yan kasuwa da za su sauka Ilorin, ɗalibai 'yan Zariya, da irin su Baba masu rakiyar kaya. Kafin mu kai Abeokuta an riga an zama 'yan gida ɗaya, wata Iya da ke kujerar gabanmu ta ɓare lemo ta miƙo min, Baba ya fasa farin goro ya bata rabi, ita tana Yarbanci shi yana mayar mata da nasa Yarbancin na kasuwa.

Kowace tasha da abinta. A Offa dankali ne, ana miƙo shi ta taga kana miƙa kuɗi jirgi na shirin tashi. Kuma da yake layin guda ɗaya ne, dole wani wajen a tsaya a jira mai tahowa daga Arewa ya wuce, to nan ne maza ke sauka da butoci ai alwala a gefen dogo, a shimfiɗa darduma kan tsakuwa a tada jam'i, liman na karatu injin na ta gurnani a hankali a bayanmu. Ni dai har yau in na ji warin dizal da sanyin asuba wannan sahun nake gani.

Sai Jebba. Barci nake Baba ya tashe ni, yace "tashi ka ga Kwara." Jirgin ya rage gudu sosai, ƙarar ƙafafun ta canza ta koma wata iri mai amo saboda ba ƙasa a ƙarƙashinmu sai ƙarfe da ruwa, na leƙa naga ruwa iya ganina ga wani ƙaton dutse tsaye a tsakiya, masu kwale-kwale sun zama 'yan mitsi-mitsi. Taragon yai tsit, har masu hira suka yi shiru. Baba yace kafin a gama gadar nan a jirgin ruwa ake tsallakar da taragu, kuma da mun haye ya gyara zaman hularsa yace to yanzu an fara jin ƙamshin gida, duk da akwai Mokwa da Zungeru da Minna da Kaduna da Zariya a gabanmu. Daga nan bishiyoyi suka fara gajarta, iska ta bushe, masu tallan da ke zuwa taga suka koma Hausa zalla, fura da nono, dafaffen ƙwai, rake.

Daga baya abubuwa sukai sanyi, jirgin Kano ya ɗauke tsawon shekaru, fatake suka koma tirela da luzuri, sai a Disambar 2012 aka sake buɗe layin. Wanda ya rage mana kullum shi ne na cikin gari, Iddo zuwa Ijoko, kuma shi na shiga shekara da shekaru lokacin da na fara zuwa kasuwa cikin Ikko. Cunkoso ba a magana, matasa har saman rufi suke hawa, abin da ko yanzu in na tuna gabana ke faɗuwa don rai ba abin wasa bane. Amma da ɗan kuɗi kaɗan talaka zai tsallake go-sulon Oshodi da Mushin gaba ɗaya. A 2014 aka kawo wasu daga China masu kai biyu da na'urar sanyi, direba in ya kai ƙarshen layi sai kawai ya sauka ya koma ɗaya kan, ba sai an juya komai ba, ranar da na fara ganinsu a Agege tsayawa nayi har suka ɓace.

Yanzu ga na Ibadan da aka buɗe a 2021 a kan faffaɗan layi, ga Red Line daga Agbado zuwa Oyingbo da aka ƙaddamar a 2024, tsaf-tsaf, da kati ake shiga, kuma ina jin daɗinsu ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Abin da ya ƙara min sonsa ma shine da na gano cikin jiragen da ke Red Line ɗin akwai tsofaffin InterCity 125 na Ingila, waɗanda suka fara aiki can tun 1976, suma masu kai biyu ne na dizal, ashe shi yasa muryar ta min kama da wadda na sani. Can ma nasan akwai dattawan da ke kewarsu.

Abin da ke raina kawai shine wancan tsohon daga ƙofar gidanmu yake ɗaukarka ya sauke ka a Kano, wannan kuwa Agbado ne iyakarsa. Baba ya rasu, Kawu ma ya rasu, Allah ya jiƙansu da rahama. Ranar Asabar in Allah ya kaimu zan ɗau yarana biyu mu shiga daga Agege mu sauka Oyingbo, mu ƙarasa Jaekel House da ke cikin harabar reluwe a Ebute Metta inda aka adana tsofaffin hotuna da kayan aikin jirgi, in nuna musu unguwar da Kawu yai aiki, ƙaramin tun shekaranjiya yake tambayata ko za a barshi ya zauna a bakin taga.