Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Ranar Da Muka Gane Ma'anar "Sallama"

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya na tsaya ne a inda na samu aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kaduna bayan na gama bautar ƙasa, to yau daga nan zan ɗora in sha Allahu.

Zangon karatu na biyu ne, sanyi bai gama tafiya ba, Hajiya mai makarantar ta kira ni ofis ta miƙo min wani ɗan littafi mai hoton wani tsoho mai gemu a bangonsa, tace "Malama wannan za ki yi wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, da shi za ki koya musu adon harshe." Sunan littafin The Giver, wata mata 'yar Amurka ce ta rubuta shi mai suna Lois Lowry, ya fito a 1993 kuma ya ci lambar yabo ta Newbery a 1994, wadda ake ba littattafan yara a can. Kwafi 12 makaranta ta sayo, yaran ajin kuwa su 31 ne, sai dai a zauna uku uku ana leƙe. Ni a lokacin ban taɓa jin sunansa ba, abin da na sani a irin wannan layin shi ne Gandun Dabbobi da muka karanta muna yara.

A dare biyu na karance shi, dare na biyun ma da fitilar waya don an ɗauke wuta. Labarin wani gari ne mai kyan ɗan maciji. Babu yunwa, babu yaƙi, babu talaka babu mai kuɗi, kowa an tsara masa rayuwarsa tun daga haihuwa. Jarirai 50 ake haifa duk shekara, kowane gida 'ya'ya biyu ake ba shi mace da namiji, ba ma iyayen ne ke haifarsu ba raba musu ake yi. In ka kai shekara 9 a ba ka keke, in ka kai 12 dattawan gari su zaɓa maka aikin da za ka yi har tsufa. Yaron labarin sunansa Jonas, shi aikin da aka zaɓa masa daban ne, wai zai riƙa zuwa wajen wani tsoho yana karɓar duk abubuwan da duniya ta taɓa sani aka mantar da mutanen garin, daɗi da wuya, shi kaɗai zai ɗauke su a kansa don sauran jama'a su huta.

Satin farko abin bai tafi ba gaskiya. Na yi yadda aka yi mana ne, na cika allo da ma'anonin sunayen adon harshe na Turanci, simili kaza ne metafo kaza ne, su kwafa su haddace, in na tambaya su rero min kamar karatun allo amma in nace to ku nuna min guda ɗaya a cikin littafin sai ajin yayi tsit. Abin ya dame ni sosai don na san yaran nan ba daƙiƙai ba ne, ina jin su a filin wasa suna yi wa juna habaici da zambo wanda ko manya sai sun tsaya sun yi tunani. Wata rana ina wucewa naji wata tana ce wa ƙawarta "ke dai kin fiye baki kamar reza", nan take naji kamar an taɓa ni, ashe ga kamantawa nan a bakinsu kullum, sunan Turancin ne kawai ya tsaya musu a wuya. Na koma na lalubo tsohon littafina na darasin Hausa inda muka rubuta kamantawa da siffantawa da mutuntarwa da alamtarwa, washegari na raba allo biyu, gefe ɗaya sunan Hausa da misalin da su da kansu suka kawo, ɗaya gefen na Turanci. In an ce wane zaki ne, siffantawa kenan. Yunwa ta kama ni, nace musu yunwa tana da hannu ne? Suka ce a'a, nace to mutuntarwa kenan. Dokar makarantar ita ce ba a yin Hausa a aji, amma na je na yi wa Hajiya bayani ta ce in yi a hankali kada abin ya yi yawa.

Sai muka zo wajen da tsohon ya fara ba Jonas abu na farko, ya ɗora masa hannu a baya sai ya ji kansa a kan tudu, dusar ƙanƙara tana zuba, yana zaune kan wani katako mai sulɓi da ake gangarowa da shi. Shi Jonas bai san dusar ƙanƙara ba don an daɗe da daidaita yanayin garinsu, babu sanyi babu zafi babu tudu. To su ma yarana ai basu santa ba sai a talabijin. Na sayi ƙanƙara ta leda wajen masu sayarwa a bakin titi na zuba a kula, na ɗauko magogin da nake goga kuɓewa na wanke shi fes, a gaban aji na riƙa goga ƙanƙarar a faranti tana zubowa fari fat. Nace kowa ya rufe ido ya miƙo hannu, ina bi ina zuba musu a tafin hannu da bayan wuya, ihu kawai kake ji. Sannan nace kowa ya rubuta min abin da ya ji amma ban yarda ya rubuta kalmar sanyi ba. Wani yaro da ke zama can baya wanda tunda na zo ban taɓa jin muryarsa ba ya rubuta cewa kamar allurai ne ƙanana suna cizonsa sannan su mutu su koma ruwa. Wallahi har yau takardar tana cikin akwatina. Daga nan muka koma littafin muka ga yadda marubuciyar ta sa mu ji abu a fatarmu kafin ta faɗi sunansa, nace musu wannan shi ne zayyana. Da aka zo inda tsohon ya ba shi hasken rana kuma yana mamaki, har ta ƙona masa fata yana cewa ya san ciwo yanzu, ajin ya kaure da dariya, wai ashe akwai wanda bai san rana ba, a kawo shi Kaduna a watan Afrilu.

Maganar launi ma ta yi daɗi. Akwai inda Jonas ke wasan jifa da tuffa shi da abokinsa sai ya ga tuffar ta canza a iska amma ya kasa faɗin yadda ta canza, sai can gaba ake gane cewa ja ya gani, mutanen garin gaba ɗaya basa ganin launi. Na ba su aikin gida su koma babin farko farko su nemo min launi, suka dawo suna cewa Malama babu, sai dai idanu masu haske da masu duhu. Wata tace "kuma bamu lura ba!" Nace to haka su ma mutanen garin basu lura ba. Jan nan muka bi shi, a tuffa, a gashin ƙawarsa, a katakon gangarowa, suka gano da kansu cewa yana tsaye ne a madadin duk wani abu mai rai da aka cire musu.

Amma abin da yasa na zauna rubuta wannan kashin shi ne wata kalma guda. Tun a shafukan farko an ba da labarin wani matuƙin jirgi da ya yi kuskure ya bi ta saman garin, aka yi shela cewa za a yi masa wani abu, kalmar Turancin tana nufin a saki mutum ya tafi. Da muka zo fassara ta wasu suka ce saki, 'yan matan suka ce a'a wannan sai ka ce maganar aure, daga ƙarshe muka tsaya a kan sallama, kamar yadda ake sallamar mara lafiya daga asibiti. Tsofaffi ana sallamarsu har da biki, mai laifi sau uku ana sallamarsa, jaririn da baya girma yadda ake so ana sallamarsa, duk wai suna tafiya Wani Wuri. Ni na san abin da ke gaba amma na kama bakina, duk inda kalmar ta fito sai in ce su ja mata layi da fensir. Har wata tace ita in a garin take sallamar za ta nema ta je ta ga Wani Wurin.

Babi na 19 ranar Laraba muka karanta shi bayan an dawo tara, ni na karanta musu da kaina. An haifi tagwaye maza masu kama ɗaya, dokar garin ba a barin biyun, sai a auna su a sallami wanda bai kai nauyi ba. Baban Jonas aikinsa renon jarirai ne, mutum mai taushin murya mai wasa da yara, yaran ajin duk suna sonsa. Jonas ya nemi ya ga hoton bidiyon yadda aka yi, sai ya ga babansa ya ɗauko allura ya soka wa jaririn a goshi yana masa 'yar muryar nan ta lallashi, jaririn ya ɗan motsa ya saki jiki, ya sa shi a kwali ya tura ta wata kafa kamar ta zubar da shara, har yana masa bai bai. Da na ɗago kai babu mai motsi a ajin, fanka kawai ke juyawa. Yaron nan na baya ne ya fara magana, yace "Malama kashe shi ya yi." Nace eh. Sai suka fara buɗe shafukan baya da kansu suna bin layukan da suka ja, matuƙin jirgin, tsohon da aka yi wa biki, kana jin ƙarar takarda da 'yan salati ƙasa ƙasa. Ban ma buɗe baki na ce ga yadda marubuci ke dasa abu tun farko don ya tsiro a gaba ba, sun riga sun gani, suna kawai na ba su. Haka batun mai reno ya zama mai kisa, wata ce tace wannan ai kamar gatse ne amma labarin ne ya yi shi.

Na rubuta "sakaya zance" a allo kenan sai wata yarinya 'yar siririya a layin gaba ta ɗaga hannu, idonta ya yi ja, tace "Malama to mu da muke cewa wane ya kwanta dama, ko ya riga mu gidan gaskiya, mu ma ƙarya muke yi kenan?" Na rasa abin cewa na ɗan lokaci. Wani yaro ne ya amsa mata, yace "a'a, mu ai kowa ya san abin da ake nufi, ana wanka ana sallah ana kaiwa, ana zaman gaisuwa mutane suna kuka, su kuwa babu wanda ya sani, babu mai kuka." Nace ya faɗi gaskiya, akwai sakayawa ta tausayi da kara, akwai kuma wadda ake yi don a rufe ɓarna, kuma kalma ɗaya tana iya yin aikin biyun. Yarinyar bata gamsu ba na gani a fuskarta, tace "to in an faɗa wa yaro shi bai sani ba fa?"

Nan ne ta taɓo ni inda ban zata ba. Wanda ya bi labarin nan tun kashi na 2 zai tuna na ce muna da ƙane da ya rasu, amma ban faɗi yadda aka yi ba. Ina shekara 6 ƙyanda ta kama shi, wata safiya na tashi babu shi a kan tabarmar Inna, aka ce min ya tafi ƙauye wajen Kaka. Na yi wata da watanni ina zama a dokin ƙofa duk ranar kasuwa ina jiran motar ƙauye, har na ɓoye masa rabin alawata a cikin gwangwanin madara tururuwa suka cinye. Wata 'yar maƙota ce ta gaya min muna faɗa a wajen gaɗa. Ban taɓa yi wa Inna maganar ba har na girma, kuma a gaban ajin nan naji abin ya taso min sabo, da ƙyar na ce wa yarinyar tambayarta babba ce za mu dawo kanta gobe. Daga baya na ji cewa mamarta ta rasu shekarar da ta wuce, kwana biyu ana ce mata tana asibiti.

Da daddare bayan isha na kira Inna, muka gaisa na yi ta kewaye kewaye har tace "ke lafiya kuwa?" Sai na tambaye ta me yasa aka ce min ya tafi ƙauye. Ta yi shiru har na duba wayar ko kati ne ya ƙare. Can tace "To me zan ce miki, ke da ko haƙoran madara ba ki gama zubarwa ba? Ni kaina sai da na yi kwana arba'in ban iya faɗin kalmar da bakina ba." Tace duk ranar kasuwar nan tana kallona ta tagar ɗaki, bata iya fitowa. Muka yi kuka ni da ita a waya, muka yi masa addu'a, tace in je in kwanta gobe akwai aiki.

Washegari na shiga makaranta da niyyar in ja yarinyar gefe mu yi magana kafin a shiga aji, sai mai gadi ya tare ni a bakin get yace Hajiya na nemana yanzu yanzu, wai wani uba ya zo tun bakwai da rabi da littafin a hannunsa. Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.